Ranar da Aka Kwashe Ƙasar Gwaggo Uwa

Har yanzu a unguwarmu ta Koki akwai masu ba da labarin nan a matsayin labarin tsohuwa marar godiya. Na ji shi a gidan suna, na ji shi a gidan kitso, kuma duk lokacin da na ji sai raina ya ɓaci, domin a kan idona aka yi komai, kuma ba yadda suke faɗa aka yi ba. Tsohuwar da ake yi da ita gwaggona ce, yayar mahaifina Malam Jibril. Sunanta Uwa.

Asalinsu Fulanin wajen Dawakin Tofa ne, waɗanda shanu suka ƙare wa tun zamanin kakansu, suka kama noma. Aure ne ya kawo Gwaggo birni, gidan Malam Gali baduku. Takan ce abin da ya fi damunta a shekarunta na farko ba kewar gida ba ce, rashin kore ne. Duk inda ta juya katanga ce, sai lungu, sai ƙasa ja mai tauri wadda ko tsinke ba ya shigarta. Ko ganyen miya za ta saya sai ta ji kunya, domin a inda ta tashi bayan ɗaki ake zagayawa a tsinko.

Wata damina mai ƙarfi ta rushe wani tsohon ɗaki a ƙuryar gidan. Malam Gali ya yi ta cewa zai tayar da shi bayan kaka, kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. A kan ɓaraguzan nan Gwaggo ta ga tafasa ta tsiro da kanta. Ranar ta ari fartanya ta fara farfasa ƙasar. Ta riƙa zuba mata tokar murhu, da ɓawon gyaɗa, da ruwan wankin hatsi, da kashin awaki da take roƙa a gidan wani maƙwabci, Mamman mai awaki, tana ɗaukowa a tsohon kwano. Mata suna yi mata dariya, wai amaryar ƙauye ta zo da gonarta. Takan bar su da dariyarsu. Sama da shekara talatin tana wannan aiki, har jar ƙasar nan ta koma baƙa mai laushi, wadda in ka damƙa ka saki sai ta warwatse a tafin hannunka kamar dambu.

In kana so ka ga gidan a kan ganiyarsa, ka shiga a tsakiyar marka, lokacin da hadari ba ya barin sama. Daga zaure ƙamshin ɗoɗɗoya zai tare ka. Zogale ya jeru a jikin katangar gabas, rama ta kai ƙirjin mutum, yakuwa ta yi jajayen kara. Kuɓewa tana buɗe furenta da hantsi, kafin la'asar ya yanƙwane. Kabewa ta bi igiya ta haye kan ɗakin girki ta kwanta, sai an ɗaga ganye ake ganin 'ya'yanta. Akwai gwanda, akwai gauta da barkono, akwai na'ana'a a cikin fasasshen tulu. A kusurwa kuma ga lalle, wanda ta kawo reshensa daga gidan mahaifiyarta a shekarar da tsohuwar ta rasu.

Da an idar da sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, za ka same ta a duƙe, zani ɗaure a ƙugu, tana cire ciyawa da hannu. Ta ɗaga ganyen kuɓewa ta kama tsutsa, ta barbaɗa toka, ta yayyafa ruwan ganyen darbejiya inda fara ta fara ci. In ruwa ya kwanta, ta ja masa hanya da fartanya har bakin rariya. Tana yi tana yi wa shukokin faɗa kamar yara. "Ke kuma me aka yi miki kika langaɓe? Ruwa ne ba ki sha ba?" Jin daɗinta kuwa yana zuwa bayan an ɗauke ruwan yamma. Sai ta fito da 'yar kujerarta, ta haɗa shayi da na'ana'a, ta zauna tana kallon ruwa yana ɗiga daga ganye. A irin wannan lokacin ko magana ka yi mata sai ka maimaita.

Ba zan ce Gwaggo mai sauƙin hali ba ce. Ba ta taɓa sayar da ko ganye ɗaya ba, mai jego da marar lafiya kuwa har gida take aika musu zogale. Amma ka kuskura ka tsinki barkono ba ka tambaya ba, sai ka gwammace dukanka ta yi. Kajin maƙwabta sun san jifarta. Ta taɓa ƙaurace wa gaisuwar Mamman mai awaki tsawon damina guda, saboda akuyarsa ta shigo ta cinye mata rama, ga shi kuma ba ta daina aika a karɓo mata taki a gidansa ba.

'Ya'yanta biyu ne suka rayu. Babban, Yaya Abdulhakeem, yana aikin ofis a Abuja. Ƙaramar, Hassana, tana aure a Gwammaja. Bayan rasuwar Malam Gali, Yaya ya riƙe mahaifiyarsa yadda ya kamata, wannan ba wanda zai musa. Abinci ba ya yanke mata, ya sake mata rufin ɗaki, ya jawo mata ruwan famfo. Lambun ne kawai ya tsaya masa a rai. Duk zuwan da zai yi sai ya yi mita: sauro, taɓo, wata rana maciji zai shigo, wata rana za ta zame ta karye. Ita kuma ta ce sauron Koki daga kwata yake fitowa, ba daga ramarta ba. A haka suke rabuwa.

A daminar da abin ya faru, Hassana ta haihu a farkon watan Agusta, Gwaggo ta tafi Gwammaja zaman jego. Ta bar mini mabuɗin gidan da dogon umarni: in riƙa cire kuɓewa kafin ta ƙosa, in duba rariya bayan kowane ruwa, kada in taɓa kabewa, ba ta yi ba tukuna.

Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya na nufi gidan da kwanona, sai na tarar da ƙofa a buɗe, lungu cike da baro da buhunan siminti. Ina shiga zaure na ji saran adda. Wallahi da farko na ɗauka na yi ɓatan gida ne. Zogale duk yana ƙasa. An janyo kabewa daga kan ɗakin girki, ƙananan 'ya'yanta sun farfashe a tsakar gida, leburori suna taka su. Wani yana kai wa gwanda sara. Yaya Abdulhakeem yana tsaye a gefe, ya naɗe ƙafar wando, yana nuna musu da mabuɗin mota.

Na ce, "Inna lillahi! Yaya, me ke nan?"

Ya yi murmushi. "Na'ima, kin zo? Bulon intalok zan shimfiɗa wa Inna a tsakar gida, tun daga zaure har ƙurya. Kafin ta dawo an gama. Ba-zata nake so in yi mata, don Allah kada ki ɓata mini shiri."

"Ta sani?"

"In ta sani ai ba za ta yarda ba. Kin san halinta."

Wannan amsar ce har yau take ci mini rai. Ya san ba za ta yarda ba, shi ya sa ya jira sai da ta juya baya. Na roƙe shi ya dakatar da su ko na yini ɗaya, ya ce shi da Hassana sun riga sun gama magana. Na kira wayar Gwaggo, Hassana ta ɗauka, ta ce, "Na'ima, kada ki tayar mata da hankali, alheri ake yi mata." Ta kashe.

Na ajiye kwanon na fita titi na tari adaidaita sahu. Ruwan da aka yi da safe ya cika hanya, muka daɗe kafin mu kai. Na sami Gwaggo tana dama wa mai jego kunun kanwa. Ban yi wani kewaye-kewaye ba, na gaya mata. Ta ajiye ludayi. Ta dubi Hassana, Hassana ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri zani. Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta ce mini, "Mu je."

Kafin mu iso an wuce sara, an shiga haƙa. Birkilan, wani dattijo mai suna Sule, ya ce baƙar ƙasa ba ta riƙe intalok, sai an kwashe ta an zuba yashi. To sun kwashe. Inda lambu yake sai rami mai faɗi, jar ƙasar asali ta bayyana a ƙasansa. Inda lalle yake ba komai sai gurbin saiwa. An riga an shimfiɗa intalok daga zaure zuwa ƙofar ɗakinta, ga tulin yashi a tsakiyar gida.

Gwaggo ta tsaya a bakin ramin ta daɗe. Yaya ya matso yana fara'a, amma fara'ar ba ta zauna ba.

"Inna, sannu da zuwa. So na yi sai an gama ki gani."

A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Gwaggo ta ambaci nasa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "babban". Ranar ta juyo ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Abdulhakeem."

Leburorin ma sai da suka tsaya.

"Wa ka tambaya?"

"Inna, lafiyarki nake dubawa. Kin tsufa, ga santsi, ga sauro. Kuma mutane suna magana. Abokaina suna zuwa gaishe ki, su koma suna cewa ina Abuja uwata tana noma a tsakar gida."

"Na ce wa ka tambaya? Mutuwa na yi? In na mutu ne ka gaya mini, in san gado ake rabawa."

"Subhanallahi, Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Ganyen da ka sare, da shi na yi maka kwaɗo ka tafi makaranta. Ranar bai ba ka kunya ba. Sai yau da ka yi abokai masu mota." Ta nuna ramin. "Ina ƙasata?"

Ta taka ta hau tulin yashin nan ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ce duk mai son ya ɗebi yashi ya fara ɗibarta. Sule birkila ya ajiye cokalinsa na gini ya ce shi kam ba zai yi aiki a kan tsohuwa ba.

Yaya ya aika aka kirawo mahaifina. Na ɗauka Baba zai tsaya wa yayarsa, amma yana shigowa ya ga intalok ɗin ya ce, "Masha Allah." Ya tsuguna kusa da ita yana lallashi. "Yaya Uwa, ki yi haƙuri. Yaron nan albarka yake nema. Mutum nawa ne a unguwar nan suke roƙon Allah ya ba su ɗa irinsa? Ganye ne fa, ana sayarwa a kasuwa."

Ta ce, "Jibril, in wani ya shiga shagonka ba ka nan, ya kwashe kayanka ya zubar, ya shafa maka fenti mai kyau, godiya za ka yi masa?"

Baba ya ce ai ba ɗaya ba ne. Ta ce ya faɗa mata bambancin. Sai ya ce a dai yi haƙuri. Mata sun cika zaure suna leƙe, ina jin wata tana cewa, "Oh, ni da za a yi wa haka ai har rawa zan taka." Na juya na ce mata ta je ta haifi nata ya yi mata. An ce na yi rashin kunya. Ban janye ba.

Da la'asar ta yi, Gwaggo ta sauko ta yi salla, sannan ta ce wa Sule ya nuna mata inda suka kai ƙasar. Muka bi sawun baro cikin taɓo, lungu bayan lungu, har bakin wani kududdufi da ake zubar da shara. Can muka same ta an jibge, ta cakuɗe da leda da fasassun kwalabe da ruɓaɓɓen abinci. Rassan zogale da ganyen rama suna yawo a kan koren ruwa. Gwaggo ta tsuguna ta damƙi ƙasar ta shinshina. Ta tona nan, ta tona can, tana neman saiwar lallen, ba ta same ta ba. A nan ne kawai na ga hawayenta, shi ma ta share da bakin mayafi tun kafin ya gangaro.

Ta miƙe ta ce, "Malam Sule, da baron da kuka kawo ta, da shi za ku mayar da ita."

Sule ya ce sai mai aikin ya yarda. Muka koma gida, ta faɗa wa Yaya haka a gaban kowa. Ta ce wanda aka riga aka shimfiɗa daga zaure zuwa ɗakinta a bar shi, ba za ta sa a yi ɓarna a kan ɓarna ba. Amma ko bulo ɗaya aka ƙara, za ta tattara kayanta ta koma Dawakin Tofa, ya zo ya zauna da intalok ɗinsa. Yaya ya san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ya ce wa Sule su yi yadda ta ce, ya fita ko sallama babu. Washegari ya koma Abuja.

Abin da aka dawo da shi bai kai rabin abin da aka kwashe ba, sauran kuwa ruwa ya janye shi cikin kududdufi. Gwaggo ba ta koma Gwammaja ba, ta ce dangin mijin Hassana su ƙarasa mata jegon. Ni da ita muka zauna muna tankaɗe ƙasar da tsohuwar rariyar waya, muna fitar da kwalba da leda. Kwalba ta yanke ta a yatsa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Damina ta riga ta yi nisa, kabewa da kuɓewa sun wuce sai baɗi. Ta ce rama da alayyafo za su iya kamawa in an yi sauri, sai dai irin da ta adana a ɗakin girki leburori sun zubar da shi wajen gyara.

Ba mu roƙi kowa ba, amma labari ya zaga. Wata tsohuwa daga Madabo, wadda Gwaggo ta taɓa ba irin rama, ta zo da kanta da shi a ƙulle a gefen zani. Wata ta kawo yakuwa, wata ta kawo ɗoɗɗoya da saiwarta a gwangwani. Mamman ya turo baro guda na taki ba a aika ba. Wasu daga cikin masu kawowar su ne suka tsaya a zaure suna cewa ta yi butulci, kuma ba su fasa faɗa ba, sun kawo ne kawai. Gwaggo ta karɓa ta yi godiya a taƙaice. Kututturen zogale guda biyu da adda ta bari a jikin katanga suka yi toho kafin ruwa ya ɗauke. Ramar ta fito siririya, ba ta wuce gwiwa ba, amma an yi miya da ita. Lalle kuwa an kawo mata reshe daga wurare daban-daban, ta ƙi dasawa. Ta ce ba lalle ta rasa ba.

Ta daɗe ba ta ɗaukar wayar Yaya. Da ta fara ɗauka, gaisuwa ce kawai, lafiya lau, lafiya lau, a kashe. Hassana ta zo da jaririn ta durƙusa ta ba da haƙuri har da kuka, Gwaggo ta karɓi jikanta ta goya, magana ta wuce. Shi kuwa Yaya har yau bai ce ya yi kuskure ba. In zancen ya taso sai ya ce niyyarsa mai kyau ce, Allah ya sani. Ni ban taɓa cewa niyyarsa mummuna ce ba. Abin da nake cewa shi ne, mace mai hankalinta, a gidan da ta shekara arba'in a ciki, an mayar da ita kamar ƙaramar yarinya da ake ɓoye wa magani a cikin tuwo. Kuma da ta yi magana, ita aka ce ta yi haƙuri.

Damina biyu ke nan da yin abin. Lambun ya dawo, amma bai kai na da ba, ita ma ƙarfinta bai kai na da ba. Yanzu a zaune take cire ciyawa, tana jan 'yar kujerarta daga kunya zuwa kunya. Kabewa ta sake hawa ɗakin girki. Har yanzu in ta yi haƙa takan ci karo da guntun kwalba, ta ɗaga shi sama ta nuna wa duk wanda ke kusa.

A watan jiya direban Yaya ya yi sallama da wani dogon abu a naɗe a kafaɗa, ya ce saƙo ne daga Abuja. Muka warware a tsakar gida. Kafet ne na ciyawar roba, kore shar, irin wanda ake shimfiɗawa a wuraren biki. Direban ya ce Alhaji ya ce a gaya wa Hajiya, tunda tana son kore, wannan ba ya son ruwa, ba ya tara sauro, kuma ba ya bushewa da rani.

Gwaggo ta shafa shi da tafin hannu, ta ja ɗan zare ɗaya ta duba, ta ce wa direban ya gaishe shi, ya ce ta gani. Bayan ya fita ta ce in kama mata gefe ɗaya. Muka ja shi muka rufa a kan akurkin kajin maƙwabciyarta, wanda yake yoyo tun farkon damina, muka danne da duwatsu. Ta karkaɗe hannunta ta ce in miƙo mata fartanya, hadari yana haɗowa kuma rariya ta toshe.